Rijiyar da Ba a Haƙa ba a Tungar Ɗanjimma

Na san abin da kuke ji idan kun je biki ko ta'aziyya wajen danginmu na Tsamaye. Ba a faɗa muku kai tsaye, amma ana faɗa ta yadda zai shiga kunnenku, wai ubanku ya sayar da rijiyar garinsu. Na daɗe ban tanka ba, domin waɗanda za ni ƙaryata 'yan'uwana ne, kuma a lokacin ciwonsu ya fi nawa. Yanzu da yawansu sun rasu, ni ma ido ya fara gajiya, hannuna ba ya riƙe ƙaramin sukudireba sai da rawa. Don haka za ni rubuta muku yadda abin ya gudana. Ban nemi ku ce na yi daidai ba. Ina so dai ku san cewa ban sayar da komai ba.

A Tungar Ɗanjimma aka haife ni, wani ɗan ƙauye da ke kan tudu a ƙasar Tsamaye. Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ni da wana Garba. Da Baba ya rasu, Garba ya riƙe gona da gida, ni kuma aka bar ni na bi makaranta. Daga gyaran rediyo na koma gyaran kwamfuta a Sakkwato, na dawo Sabon Birni na buɗe shago, na auri mahaifiyarku Hadiza. A shagon nan na haɗu da Injiniya Sambo, wani dattijo mutumin garin Isa da ya yi ritaya daga aikin ruwa. Yana da na'urar auna ƙasa, wadda ake kaiwa fili kafin a haƙa rijiyar burtsatse. Akwati ce mai batir da dogayen wayoyi da turakun ƙarfe. Za ka kafa turakun a jere, na'urar ta tura wuta cikin ƙasa, ta saurari yadda wutar ta dawo. Yashi mai ruwa yana da tasa amsar, laka tana da tata, dutse yana da tasa. A ƙasarmu wannan ba wasa ba ne, domin ruwan ƙasa ba shimfiɗe yake ko'ina ba. Kana iya samu a nan, ka matsa kaɗan ka tarar da dutse. Gyara ya fara kawo shi wurina, daga baya ya riƙa tafiya da ni daji, har ya koya mini karanta layukan da na'urar ke zanawa. Da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi, sai ya sa 'ya'yansa suka kawo mini kayan gaba ɗaya.

Na'urar ba ta aiki ita kaɗai. Tana tafiya da wata tsohuwar laftof, baƙa, mai nauyi kamar bulo. A gefenta akwai wata kafa da ake cusa wani kati mai faɗi, daga katin waya ta fita zuwa akwatin. Kamfanin da ya ƙera su ya daɗe da rufewa, kuma manhajar da ke ciki an ɗaure ta da wannan laftof ɗin kaɗai. Na taɓa ce wa Injiniya ya bar ni in kwafe komai in zuba a wata sabuwa, saboda tsaro. Dariya ya yi mini.

"Lawali, na gwada tun kana ɗaukar allo. Wagga ba ta zama gidan kowa sai nata. Ka lallaɓa ta kamar tsohuwa, ran da tam mutu akwatin ma ya mutu."

Ban musa masa ba, amma a raina na ce maganar tsofaffi ce. Ni da na saba kwafe faifan kwamfuta a yini guda, ban ga abin da zai gagare ni ba.

Sai fari ya zo, shekara biyu a jere. Ta farko ruwa ya ɗauke gero yana bununi, aka samu ɗan abin da aka samu. Ta biyu an yi shuka an sake, an kuma sake, har iri ya ƙare a rumbu. Gulbi ya zama hanyar mashin. Rijiyoyin hannu na Tungar Ɗanjimma suka koma laka, sannan suka bushe ƙurmus. Mata sukan fita da sassafe zuwa wata fadama mai nisa, su tona rami su zauna jiran ruwa ya tsatso, su dawo rana ta take da abin da bai isa girki da sha ba. Inna ta tsufa a lokacin, ba ta iya wannan tafiya, matar Garba ce ke yi wa gida duka, da goyo a bayanta. Na roƙi Inna ta dawo wurina a Sabon Birni, inda aƙalla ana samun ruwan famfo jefi-jefi. Ta ce ɗakin da ta haife mu a ciki shi za a fitar da gawarta.

Cikin bazarar da ta biyo bayan shekara ta biyun ne wata ƙungiyar agaji ta turo motar haƙa. Shugaban masu haƙar, wani da ake kira Malam Tanko, shi ya nemo ni, domin babu mai irin na'urata a yankin. Sharaɗinsu a bayyane yake. Kowane ƙauye rami ɗaya. Ba sa sauke inji sai wurin da mai auna ƙasa ya nuna kuma ya sa hannu. Idan ramin ya fito busasshe, sunan ƙauyen ya fita, ba za a koma ba. Kafin damina kuma motar za ta bar yankin. Su suka tsara ƙauyukan bi da bi yadda hanya ta fi musu sauƙi, Tungar Ɗanjimma ta faɗo a ƙarshe. Ku riƙe wannan, domin daga nan zancen sayarwa ya samo tushe. Ba ni na tsara ba. Na roƙi a fara da mu, Malam Tanko ya ce idan ya yi mini haka kowa zai ce an yi son kai, kuma gaskiyarsa ce.

Garba ya zo har shago da ya ji labari. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba tun rasuwar Baba.

"Ashe bokon naka zai yi muna rana," in ji shi. "Na hwaɗa ma mutane su daina zancen tashi. Na ce ƙanena na ka aunawa."

Na auna ƙauyukan farko, aka haƙa, Allah ya ba da ruwa. A wani fili kusa da Kurawa, ina gama aunawa ke nan, laftof ɗin ta mutu. Rana ce irin wadda ƙarfe ke ƙona hannu, na yi mata inuwa da rigata, amma sai na ji ƙaurin roba, allon ya yi baƙi. Da na koma shago na kwance ta, na ga wuta ta ci bod ɗin, wato babban allon da duk kayan cikinta ke manne a kai. Ba ƙaramin abu ɗaya ba ne da za a cire a sauya, ƙunar ta bi layuka ta shiga can ciki. Faifan ajiyarta kuwa lafiya lau, katin ma lafiya lau. Na ce wa mahaifiyarku kada ta damu, aikin kwana ɗaya ne.

Na kwafe faifan kaf, babu abin da na bari, na zuba a wata laftof mai kyau da nake da ita. Da farko ta ƙi tashi ma, domin tsarin da ke faifan yana neman kayan da ya saba da su bai gan su ba. Na yi ta lallaɓawa har ta tashi. Na buɗe manhajar na'urar, sai ta rubuta mini cewa wannan ba kwamfutarta ba ce, ta rufe kanta. Ashe duk lokacin da aka kunna ta sai ta tambayi bod ɗin wata lamba da aka dasa masa tun daga masana'anta. Ban da wannan ma, sabuwar laftof ba ta da kafar da katin zai shiga. An daina yin irinta. Ina riƙe da kati a hannu ɗaya, laftof a ɗaya hannun, babu inda za su haɗu.

Sai na hau mashin na tsallaka Maraɗi wurin Isufu, wani abokin sana'ata da ke tara tsofaffin kwamfutoci. Muka zube tarin kayansa muna bincike har muka samo irinta sak. Suna ɗaya, launi ɗaya, kafar katin ma tana nan. Na yi hamdala a fili. Muka sa faifan, muka cusa katin, ta tashi, amma ba ta ga katin ba, kamar ba a sa komai ba. Isufu ya kwance ta, ya ɗora bod ɗinta kusa da nawa da ya ƙone, ya daɗe yana dubawa da gilashi.

"To, ka ga matsalar," ya ce, yana nuna mini wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar wake. "Riga ɗai ta ɗaya. Wanga da ke magana da kati, naka na wani kamfani na, nawa na wani. Shekara guda sunka yi su, amma ba wata guda ba."

Muka ce to bari mu ciro ɗan abin da ke riƙe da lambar daga matacciyar mu dasa a mai rai, ko manhajar ta yarda, sauran mu san yadda za mu yi. Da zafin na'urar narka dalma ya taɓa shi sai ya tsage biyu, domin wutar farko ta riga ta gasa shi. Muka zauna muna kallon ɓarin.

Dabara ɗaya ta rage, kuma Isufu ya fi ni saninta. Akwai manhajar da ke sa sabuwar kwamfuta ta yi kwaikwayon tsohuwa. Takan gina wata kwamfutar ƙarya a cikin ta gaske, duk abin da tsohuwar manhaja ta tambaya sai a ba ta amsar da take son ji. Muka tono lambar daga cikin faifan, muka rubuta wa kwamfutar ƙaryar. Muka samo wani mahaɗi da ke karɓar katin ta baki ɗaya, ya shiga sabuwar laftof ta ɗaya bakin. Kwanaki muka yi a kai, ina kwana a shagonsa, Malam Tanko yana kirana yana cewa sun kusa gama ramin da ke gabansu. Ranar da manhajar ta buɗe, ta ga katin, fitilar akwatin ta kama, Isufu ya rungume ni. Na kira Garba na ce ya gaya wa Inna ina tafe.

Amma Injiniya ya koya mini abu guda da ban taɓa tsallakewa ba, cewa duk na'urar da aka taɓa cikinta sai an gwada ta a inda aka san amsa. Na koma filin nan na Kurawa, inda na riga na auna da tsohuwar laftof, aka haƙa, ruwa yana zuba ina kallo. Na kafa turaku a ramukansu na da. Na'urar ta zana layi, ta ce dutse ne. Ban taɓa komai ba na sake aunawa, ta ce laka. Na sake, ta ce ruwa, amma a zurfin da ba nan aka same shi ba. Na sauya batir, na sauya wayoyi, na jiƙa gindin turakun. Kowane karo da tata amsar, kuma kowace amsa tana fitowa tsaf, babu alamar kuskure. Wannan shi ya fi tsorata ni. Da ta ƙi aiki da na san matsayina.

Daga baya na gane dalili. Na'urar tana tura wuta, sai ta saurara a wani ɗan taƙi da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma da bugun agogon cikin tsohuwar laftof take auna taƙin nan. Kwamfutar ƙarya ta iya faɗin suna da lamba, amma ba ta iya riƙe wannan bugun ba. Sabuwar tana da sauri, tana kuma raba hankalinta wurin ayyuka da yawa, mahaɗin shi ma yana tara saƙo kafin ya miƙa. Sai sauraron ya zo da wuri ko ya makara, ya ɗauko abin da ba shi ne ba. Na kira Isufu, muka rage mata sauri, muka kashe duk abin da za a iya kashewa. Ta ɗan gyaru, amma ba ta tsaya a magana ɗaya ba. Ya ce mini, in ba wanda ya ƙera ta ba, babu mai sanin abin da ke tsakanin katin nan da bod ɗinsa, shi iyakarsa ke nan.

Duk da haka na je Tungar Ɗanjimma na auna, domin zuciya ba ta haƙura. Gari duka ya fito, yara suna ja mini waya, tsofaffi suna addu'a. Na yini a rana. Wurin da ta ce ruwa da safe, da la'asar ta ce dutse. Na naɗe wayoyina, na shiga gida, na tarar da Garba zaune a ƙofar ɗakin Inna. Na gaya masa komai, ban rage ba.

"Mi kaka nuhi da ba ta yi?" ya ce. "Da idona na ga tana zane."

"Tana zane, Yaya, amma ƙarya take zanawa. Ban san wane na gaskiya ba."

"To zaɓi guda. Kai ɗan garinga na, ka san ƙasarga. Nuna wuri ka sa hannu, sauran na Allah na."

Na ce masa idan na nuna aka samu dutse, sunanmu ya fita har abada, alhali idan na faɗi gaskiya Malam Tanko ya yi alkawarin zai rubuta cewa ba a auna ba, ko wata shekara a dawo. Na ce kuma akwai wani ƙauye wajen Burkusuma da na riga na auna tun tsohuwar tana da rai, aka ajiye shi a matsayin ko-ta-kwana, ruwansa tabbas ne, su ma mutane ne masu ƙishi. Wannan maganar ita ce kuskuren bakina a wurinsa, domin tun daga nan fuskarsa ta canza.

"Wata shekara," ya ce. "Wa kaka gani zai kai wata shekara nan? Bisashe sun ƙare. Ɗiyana na shan laka. Kai kana birni kana shan ruwan pampo, kana yi muna lissahin wata shekara."

Inna tana jin mu daga ciki. Ta ɗaga labule, ta dube ni.

"Lawali, in ka sa hannun, ka san akwai ruwa?"

"Ban sani ba, Inna."

"In ba ka sa ba, ka san za su dawo?"

"Shi ma ban sani ba."

Ta saki labulen. Har yau ban san wanne take so in yi ba.

Mahaifiyarku, da na koma gida, ta ce in sa hannu. Ta ce ko rami ya fito busasshe, mutane za su ce ƙaddara ce, amma idan mota ta wuce ba ta tsaya ba, ni za su kama. Ta fi ni sanin mutane. Ban sa hannun ba. Na gaya wa Malam Tanko gaskiya, ya nemi wani mai aunawa daga Sakkwato, aka ce ba zai samu zuwa ba sai bayan damina. Motar ta bi ta gefen Tungar Ɗanjimma, mutane suna tsaye a bakin hanya suna kallo, ta wuce zuwa ƙauyen nan na wajen Burkusuma. Can aka haƙa, aka samu ruwa mai yawa. Kafin mako ya zagayo labari ya gama ƙasar Tsamaye cewa mutanen can sun ba ni wani abu.

Ƙungiyar ba ta dawo ba. Damina ta uku ta zo da ɗan dama, amma ta tarar da rabin gari ya watse, wasu sun yi kudu ci-rani ba su komo ba, wasu sun koma wajen dangi a Isa. Ƙaramar 'yar Garba, wadda ake goyo zuwa fadama, ciwon gudawa ya ɗauke ta tun kafin ruwan farko ya sauka. Na je gaisuwa, Garba ya karɓi hannun kowa ya tsallake nawa. Abin da nake aikawa gida na hatsi, sai ya sa a mayar mini, sai dai in damƙa wa wata maƙwabciya ta kai wa Inna a ɓoye. A Sabon Birni ma ciniki ya ja baya, domin mutanen ƙauye sun daina shigowa shagona. Ban fasa neman bod irin na tsohuwar ba. Na aika Kano, na aika Legas, an kawo mini har guda biyu a shekarun da suka biyo, kowanne da ɗan bambancinsa a ciki, babu wanda katin ya yarda da shi. A ƙarshe batir ɗin akwatin ya zube ya ci cikinsa, na daina.

Inna ta rasu a bazarar da ta biyo bayan damina ta ukun nan, da hantsi. Wanda ya kira ni ya ce ana jiran mata su dawo daga fadama kafin a yi mata wanka, domin babu ruwan da zai isa a gidan. Na cika jarkoki a famfon unguwarmu, na ɗaure su a mashin, na kama hanya. Na tarar da maza zaune a ƙofar gida, Garba a tsakiyarsu, ya rame har na so in kasa gane shi. Ya taso da kansa, ya kama igiyar yana kwancewa, ni ina riƙe da mashin ɗin kada ya faɗi. Da ya sauke ta ƙarshe sai ya tsaya, bai dube ni ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai za ni ji.

"Na san ba ka amshi ko kwabo ba. Tun ranar na sani."

Na ce, "To Yaya, me ya sa ka bari ana faɗa?"

"Don da ka nuna wuri, ko busasshe na, da mun ga an gwada muna. Kai ka tsira da gaskiyarka, mu munka zauna da ƙishi."

Ya ɗauki jarkoki biyu, ɗaya a kowane hannu, ya shiga da su wurin matan da za su yi mata wanka. Ni na ɗauki sauran na bi bayansa.